Wasiƙa Zuwa Kano: Sitiroberi Mai Rigar Cakulan

Jos,
Jihar Filato.

Zuwa ga aminiyata Hajiya Binta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Ya sanyi? Ya kuma shirin walimar saukar Ummi? Allah ya sa albarka a karatun, ya nuna mana ranar lafiya.

Saƙonki ya iso, na ga kina son ki fito wa baƙinki da sitiroberin nan da ake tsomawa a cakulan. Ki kwantar da hankalinki, ba aiki ne mai wuya ba. Abu biyu ne kawai ke ɓata shi, ruwa da zafi, kuma kusan duk abin da zan faɗa miki a kansu yake.

Kin dace da lokaci. Sitiroberin Filato, wanda manoman Chaha da ke kusa da Vom suka yi suna wajen nomansa, a hunturu yake fitowa, daga wajen Disamba zuwa Maris. Hunturun kuma shi ne gatan mai wannan aiki, don iska a bushe take, gari da sanyi. Da a bazarar Kano kika tambaye ni, da na ce ki haƙura ki yi cincin.

Wanda zai saya miki, ki gaya masa ya zaɓi ja har wuya, mai ƙyalli, wanda ganyen kansa yake kore shar. Sitiroberi ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi, don haka wanda aka ciro da farin kai, da tsaminsa zai kai har ranar walima. Matsakaita sun fi manya, sun fi zaƙi kuma loma biyu an gama. A duba ƙasan robar kafin a biya, can ake samun waɗanda suka dame. A mota kuma kada a jefa shi but a ɗora masa kaya. Ya iso miki ana gobe walima, ki tsince duk wanda ya yi laushi ko ya fara furfura, ki shimfiɗa sauran a faranti ba tare da kin ɗora wani kan wani ba, ki sa a firji. Kada ki wanke sai ranar aiki, domin daga wanki yake fara lalacewa.

Ranar aiki ki fito da shi da asuba. Ki zuba ruwa kofi uku da ruwan khal kofi ɗaya a roba, ki zuba shi ciki minti biyu zuwa uku, ki ɗauraye da ruwa mai tsabta. Ganyen kansa ki bar shi, shi ne mariƙinki, in kuma kika cire shi kin buɗe wa ruwan cikinsa ƙofa. Sai shanya, kuma a nan mutane suka fi yin gaggawa. Ki ɗauki kowane ɗaya ki dangwale shi da tishu ko tsumma mai tsabta, ki ɗaga ganyen ki goge ƙarƙashinsa, don nan ruwa ke maƙalewa. Ki jera su a kan tawul, fanka na kaɗawa, kamar awa ɗaya. Awar nan aiki biyu take yi: tana busar da shi, tana kuma fitar masa da sanyin firji. In kika tsoma shi da sanyinsa zai yi zufa a ƙarƙashin cakulan, rigar ta ƙi kama jikinsa, ko ta tsage tana bushewa.

Yanzu cakulan ɗin. Iri biyu za ki tarar a shagunan kayan kek. Akwai na asali, wanda man da ke cikinsa man koko ne, wato man 'ya'yan itacen kokon da ake yin cakulan da su. Akwai kuma wanda suke kira kamfawun, wanda aka haɗa da garin koko da sukari da wani man daban, galibi man alayyadi da aka sarrafa. Na asali ya fi daɗi nesa ba kusa ba, yana narkewa a baki ba ya barin maiƙo a dasashi, sai dai yana da tsada kuma yana da sharaɗi wajen narkarwa. Kamfawun ba ruwansa: ki narka, ki tsoma, ya daskare da kansa, ya kuma fi jure ɗumi. Shawarata, tunda taro ne kuma karonki na farko, ki yi na baƙi da kamfawun, ki sayi na asali kaɗan ki gwada hannunki a kan na mutanen gida. Milo da Bournvita ba sa wannan aiki, kayan shayi ne. Cakulan mai wani abu a cikinsa ma ki bar shi, in kuma na waje ne ki karanta bayan kwalin, domin akwai waɗanda ake zuba wa giya.

Lissafin ba yawa. Rabin kilo na sitiroberi matsakaita yakan kai guda 20 zuwa 25, kuma giram 250 na cakulan zai ishe shi har da ragi. In baƙi 50 ne kowa bibbiyu, ki nemi sitiroberi kilo biyu da rabi saboda waɗanda za ki tsince, da cakulan kilo ɗaya zuwa ɗaya da kwata. Amma kada ki narka shi gaba ɗaya, ki riƙa yi giram 250 zuwa 300 a kowane zubi.

Ba a ɗora cakulan a wuta kai tsaye, ƙonewa yake, ya yi ɗaci da tsakuwa-tsakuwa. Ki yayyanka shi ƙanana da busasshiyar wuƙa. Ki zuba ruwa a tukunya, tsayinsa kamar yatsu biyu, in ya fara ƙananan ƙwai ki rage wuta can ƙasa ko ki kashe. Sai ki ɗora kwanon silba ko na tangaran wanda ya rufe bakin tukunyar ruf, gindinsa bai taɓa ruwan ba. Tururi ne zai yi aikin. Ki riƙa juyawa da cokalin ƙarfe ko na roba. Muciya da ludayin katako suna riƙe danshi, ki ajiye su gefe. Kada ki rufe kwanon, don murfi zai tara raɓa ta ɗiga ciki. In kin sauke, ki goge gindin kwanon kafin ki matso da shi kusa da aikinki. In na'urar ɗumama abinci za ki yi amfani da ita, ki sa ta a rabin ƙarfi, daƙiƙa 20 zuwa 30, ki fito ki juya, ki mayar, har ya narke. Farin cakulan ya fi kowanne saurin ƙonewa, shi ki sauke shi tun da sauran ƙulalai, ɗuminsa zai ƙarasa su.

Abin da ya sa nake ta nanata maganar ruwa shi ne, narkakken cakulan ba ruwa a cikinsa, ƙananan ƙwayoyin sukari da na koko ne ke yawo a cikin mai. Ɗigo kaɗan in ya shiga, sai sukarin ya jiƙe ya manne da juna, nan take kwanon ya cure ya yi gudaji kamar tuwon da aka talga a gaggauce. In hakan ta faru, ya tashi daga na tsomawa. Amma ba asara ba ce: ki ƙara masa madara mai zafi cokali-cokali kina juyawa har ya saki, ya zama na zubawa a kan kek ko na shan yara. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a sa bota ko madara don a tsinka shi, duk suna da ruwa. In ya yi miki kauri, man kwakwa ƙaramin cokali ɗaya a kowane giram 100 ya isa. In kika zarce haka rigar ba za ta yi tauri ba, tana taɓa yatsa za ta narke.

Sharaɗin na asali da na ambata ga shi. Man koko yana daskarewa ta siga daban-daban, kuma guda ɗaya ce ke ba da ƙyalli da ƙarar nan ta ƙas in an gatsa. In kika narka shi kika bar shi ya daskare yadda ya ga dama, zai fito dusu-dusu, da laushi, bayan ɗan lokaci ya yi fari-fari. Hanya mafi sauƙi ita ce ki raba shi uku. Ki narka kashi biyu har zafinsa ya kai digiri 45 zuwa 50 a ma'aunin Salshiyas in baƙi ne, in mai madara ne ko fari kada ya wuce 45. Ki sauke, ki riƙa zuba kashi ɗayan da kika ajiye kaɗan-kaɗan kina juyawa ba tsayawa. Wanda bai narke ba yana ɗauke da sigar da ake so, shi zai ja sauran su bi sahunsa. Ki ci gaba har zafin ya sauko 31 zuwa 32 ga baƙi, 29 zuwa 30 ga mai madara, 28 zuwa 29 ga fari. In da ɗan ƙulli da ya ƙi narkewa, ki tsame shi. Ma'aunin zafi na girki yana da amfani a nan, amma in babu, ki ɗiga kaɗan a ƙasan leɓenki, ya kamata ki ji shi da ɗan sanyi-sanyi, ba ɗumi ba. Sannan ki tsoma bakin wuƙa ki ajiye. In ya daskare cikin minti uku zuwa biyar yana ƙyalli, ya yi. In har lokacin yana danƙo, ki ƙara yankakken cakulan ki ci gaba da juyawa. In ya fara kauri kina cikin aiki, ki mayar kan tururi daƙiƙa kaɗan kawai, domin in ya haura 33 ko 34 kin rushe abin da kika gina, sai an sake daga farko. Kusan a nan man koko yake narkewa, shi ya sa nake cewa ki yi aikin da sassafe, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ba a kicin da ake dafa shinkafar taro ba.

Ki juye cakulan a kofi mai zurfi da ƙaramin baki, ya fi faffaɗan kwano, don sitiroberin zai nutse ba sai kin yi ta mirgina shi ba. Ki shimfiɗa takardar gashin kek a tire tun kafin ki fara. In babu, leda mai tsabta ta yi, amma kada ki ɗora a kan tire tsirara, sai kin kankare. Ki tattara ganyen ki riƙe, ki tsoma kashi uku cikin huɗu, ki bar jan wuyan a waje. Kyau ne, kuma dabara ce, domin gefen ganye nan ne danshi ya fi yawa. Ki ɗaga, ki ɗan girgiza rarar ta zube, ki shafa gindin a bakin kofi, ki kwantar a takarda sannan ki ɗan tura shi gaba kaɗan, don kada cakulan ya taru a bakinsa ya yi masa faffaɗan gindi. Wasu suna soka tsinke, ni dai ban so, don ramin tsinke ta nan ruwa ke tsattsafowa.

In za ki yi barbaɗe, ki yi nan take kafin ya sha iska. Soyayyiyar gyaɗa da aka daka sama-sama ta fi komai dacewa da baƙin cakulan, riɗi soyayye ma haka. Kwakwa sai busasshiya, ɗanya jiƙa shi za ta yi. Zanen fari kuwa sai rigar farko ta daskare: ki zuba farin cakulan a ƙaramar leda, ki yanke ƙusurwa ɗan mitsitsi, ki riƙa kai hannu da kawowa da sauri a saman tiren. In kina son ya dace da kalar ankon, ki sani kalar kek ta ruwa curar da farin cakulan take yi, sai dai mai mai ko ta gari.

Kamfawun da na asalin da aka yi wa sharaɗinsa sukan daskare da kansu in ɗaki da sanyi. In ba su yi ba, firji minti 10 zuwa 15. Firiza kuwa a'a. Sitiroberi kusan kashi 90 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, in ya ƙanƙare ya saki, sai ya zama tsumma a cikin kwanso.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wannan abu na yini ɗaya ne. Daga lokacin da kika rufe sitiroberin da cakulan, sukarin cakulan yana jawo ruwan jikinsa, kafin gobe ki ga jan ruwa ya kwanta a ƙasan tire. Don haka kada wata ta ba ki shawarar ki yi tun jajibiri don rage aiki. In walimar bayan la'asar ce, ki gama tsomawa kafin hantsi, ki jera su layi ɗaya a roba mai faɗi da kika shimfiɗa wa tishu, ki ɗora murfi ba tare da kin danne ba, ki sa a firji nesa da albasa da kifi da daddawa, don cakulan yana kwasar wari. In an ɗauke wuta, ki sa ƙanƙara a ƙasan kula, ki rufe ta da tawul, ki ɗora robar a kai. Ki fito da su saura kamar minti 20 a ci, ki bar robar a rufe na ɗan lokaci, don raɓar ta sauka a kan murfi maimakon kan cakulan. Raɓar nan in ta zauna a kansa ta bushe, ita ke barin ɗige-ɗigen fari masu kaushi, sukari ne ya narke ya sake daskarewa. Farin da yake shafe-shafe mai santsi kuma mai ne ya taso saboda zafi. Duka biyun ba sa cutarwa, kyan gani kawai suke ragewa. Ki sa kowane ɗaya a 'yar takardar kofin kek, baƙi su ɗauka ba tare da sun ɓata hannu ko mayafi ba, kuma a ajiye tiren a inuwa.

Na san za a so a ƙulla wa mutane na tafiya da shi gida. Kada ki sa sitiroberi a ledar rabo, kafin a kai Kabuga ya dame. Ki yi wannan da dabino mai laushi: ki tsaga gefe ki cire ƙwallon, ki cusa gyaɗa biyu a gurbinsa, ki matse, ki tsoma a ragowar cakulan. Shi ba ya tsattsafo da ruwa, yana yin kwanaki a roba mai murfi in wurin da sanyi, kuma kina iya gama shi tun kwana biyu kafin taro.

Ki sanar da ni ranar da aka tsayar da yawan baƙin, don a yi wa mai kawo sitiroberin magana da wuri, a tsinko shi ranar da za a sa a mota. Ki gaishe min da Hajiya Babba da Alhaji, ki shafa min kan yara, ki ce wa Ummi ina taya ta murna.

Wassalam.

Taki har kullum,
Maman Sadiq