Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kano: A Duba Idon Bakwaini Kafin Arba'in

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bara ƙanwata ta haifi bakwaini, wata bakwai da 'yan kwanaki, bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Ya yi mako uku a kwalba da robar oksijin a hanci. Ranar sallama har sadaka muka yi. An ba mu katin rigakafi, an koya mana yadda za a riƙa ɗumama shi a ƙirji, amma ba wanda ya ce a kai shi a duba masa ido. Sai da ya kusa wata biyar uwarsa ta lura ba ya bin hasken tocila, ba ya kallonta in tana ba shi nono. Likitan ido ya haska, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce tantanin bayan idon ya riga ya ɓamɓare. Ya ce da mun zo da wuri, mai yiwuwa allura ta wadatar.

Daga bakinsa na fahimci ciwon. Jijiyoyin jinin bayan ido ba sa gama tofowa sai ciki ya kusa cika wata tara. In yaro ya zo kafin nan, musamman in an ba shi oksijin ba tare da awo ba, sai su tsaya, daga baya su tofo barkatai, su yi jini, su janye tantanin da ke ɗaukar gani. Daga waje idon garau yake, ba ja ba kwantsa. Shi ya sa ba uwa ko kakar da za ta gane.

Maganin kuwa ba sabo ba ne. Tun 2011 bincike a Amurka ya nuna allurar Avastin, wadda asalinta maganin kansa ce, tana dakatar da tofon nan in an ɗiga ƙanƙani a cikin idon. Tarayyar Turai ta amince da wata allura irinta, Lucentis, don jarirai a 2019, Amurka ta amince da wata kuma, Eylea, a 2023. Ban da allura, akwai kuma aikin leza, wato yi wa idon aiki da haske mai ƙarfi. Amma duka biyun lokaci gare su: ana so a fara duba idon kafin jariri ya cika kwana 30, in an ga ciwon ya yi tsanani a yi magani cikin kwana biyu zuwa uku.

Nan gizo ke saƙar, ranka ya daɗe. A garin nan mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, balle da ɗan da ake naɗewa cikin zannuwa uku. Kafin ta fito, lokaci ya fara ƙurewa.

Roƙona, ka sa a mayar da duban idon bakwaini wajibi. Muna da likitocin ido a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da asibitin ido na ECWA. A ware rana guda a mako likita ya zagaya ɗakunan jarirai, har da na asibitin yara na Hasiya Bayero. Wanda za a sallama kafin a duba shi, a rubuta ranar dawowa a jikin katin rigakafi, a gaya wa uba da kaka da Hausa, don su ke yanke shawarar fita.

Allurar kuma gwamnati ta saya da kanta, ta adana a firji. Kwalba guda ta Avastin tana isar jarirai da yawa in ƙwararre ya raba ta cikin tsafta. Zalunci ne a tura uba mai sayar da kayan miya ya nemo ta a kasuwa cikin kwana biyu, ga tsada ga jabu. A kuma biyo sawun wanda aka yi wa, domin ciwon kan dawo bayan makonni.

Yaronmu yanzu ya fara tsayawa, yana lalubar bango. A wannan makon ma akwai irinsa a kwalba.

Wassalam,
Wata uwa daga Ƙofar Na'isa, Kano.