Galahanga: ku wanke allurar rigakafi, ku wanke iyaye mata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ku da ma'aikatanku.

A shirinku na kiwon lafiya na makon jiya, wani mai sauraro ya bugo waya ya ce allurar ƙyanda ce ke sa wa yara galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Aka ce masa an gode, aka wuce. Shirun nan ne ya sa na ɗauki alƙalami, don a nan Tawa abin da rediyo ya bari ya wuce, washegari ya zama gaskiya a bakin rijiya.

Maganar tana da asali. A 1998 wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya buga rahoto a mujallar likitoci ta Lancet kan yara 12 kacal, yana danganta allurar da galahanga. Daga baya aka gano ya yi coge. A 2010 mujallar ta janye rahoton, aka kuma hana shi aikin likita. Masu bincike a Denmak sun bi diddigin yara fiye da 650,000, suka fitar da sakamako a 2019: waɗanda aka yi wa allurar ba su fi sauran kamuwa ba. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne alamun kan fito fili tsakanin shekara ɗaya da biyu, jim kaɗan bayan allurai. Zakara na cara kafin rana ta fito, amma ba shi ya fito da ita ba.

Ɗan ƙanwata shekararsa shida. Ba ya kallon idon mutum, a kira sunansa kamar ba da shi ake ba, amma ƙarar injin niƙa daga nesa sai ya toshe kunne. An ce iska ne, an ce baki ne, an sha rubutu da hayaƙi har akuyoyi biyu suka tafi. Wanda ya fi ciwo, dangin miji suka ce uwar ce ta yi sakaci da goyo. Turawa ma sun yi wannan zaluncin: bayan Leo Kanner ya bayyana larurar a Amurka a 1943, an daɗe ana cewa rashin ƙaunar uwa ke kawo ta. Binciken tagwaye, tun daga 1977, shi ya rushe zancen, ya nuna gado ne ke da kaso mafi girma, kuma gado ai daga ɓangare biyu yake zuwa.

Ba a samo maganin da ke warkar da ita ba, amma horon magana da na mu'amala tun da wuri yana taimakawa. Mu sai da muka yi doguwar tafiya ta Ƙonni da Doso har Yamai kafin wani ya faɗa mana sunan abin da ke damun yaron.

Don Allah, Malam Edita, kafin 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa wannan larura, ku gayyato likitan yara ya amsa wa mai wayar nan da Hausa, a cikin shirin da ya yi maganar.

Wata malamar makaranta,
Tawa