Kan fim ɗin Jay-Z da marubucinku ya yi wa wankin babban bargo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka tsakura mini fili in tanka wa mai rubuta shafinku na nishaɗi. A makon jiya ya yi fatali da Fade to Black, fim ɗin da aka yi kan mawaƙin Amurka Jay-Z, ya ce talla ce da yaudara, tunda mutumin ya yi ban kwana da waƙa a 2003, ga shi kuma ya dawo a 2006.

Ni ɗan zamanin kaset ne, gambarar zamani ba ta dame ni ba. Ɗana ne ya matsa mini muka kalli fim ɗin a kwamfutarsa bayan isha'i, yana fassara mini inda Turancin ya fi ƙarfina. Saboda haka kada a ce gwanina nake karewa.

Batun dawowa dai gaskiya ne. Ranar 25 ga Nuwamba 2003 Jay-Z ya cika zauren Madison Square Garden da ke New York da wasan ban kwanan da fim ɗin ya nuna, 'yan kwanaki bayan fitar The Black Album, kundin da ya ce shi ne na ƙarshe. Har aka ɗaga riga mai sunansa zuwa rufin zauren, kamar yadda suke yi wa gwanin ƙwallon kwando idan ya yi ritaya. Beyoncé ta hau dandamali, Mary J. Blige ta hau, Missy Elliott ma haka. Shekara uku bayan nan sai ga shi da sabon kundi, Kingdom Come. To, mai hali ba ya fasa halinsa, kuma ni ma na yi dariya da ɗana ya gaya mini. Amma da alama marubucinku dandamali kawai ya kalla, ya tsallake wuraren da kyamara take shiga sutudiyo, alhali nan ne naman yake.

Akwai inda Timbaland, mai haɗa kiɗa, yake kunna masa kiɗa ɗaya bayan ɗaya. Jay-Z na zaune, fuska ba yabo ba fallasa. A kunna wannan, shiru. A kunna wancan, shiru. Can sai wani ya tashi, nan take ya yamutse fuska kamar wanda ya tauna tsamiya, kansa ya fara kaɗawa. Wannan kiɗan ne ya zama waƙar Dirt off Your Shoulder. Sau uku na sa ɗana ya maido wurin, don na san fuskar nan. Na sha ganinta wurin masu kalangu idan kiɗa ya zauna daidai.

Sai kuma gidan Rick Rubin, Bature mai dogon gemu, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin waƙa na Def Jam. A nan ake ganin abin da aka daɗe ana faɗa, cewa Jay-Z ba ya riƙe biro da takarda. Kiɗa na tafiya, shi kuma yana gefe yana motsa baki shi kaɗai kamar mai bitar hadda, yana ɗora baiti kan baiti a ka. In ya gama sai ya miƙe ya nufi makirufo ya zubo. Haka aka ƙera waƙar 99 Problems, kuma shi kansa Rubin, duk da shekarun da ya yi a sana'ar, ya kasa ɓoye mamakinsa. Ana kuma ganin Kanye West yana saurayi, kundinsa na farko bai ma fito ba, yana ta zumuɗi yana tallata kiɗansa kamar ɗan koli a bakin kasuwa.

Ina kallo sai Alhaji Mamman Shata ya faɗo mini a rai. Shi ma ai ba da takarda yake zuwa ba. Makaɗa su ɗauka, 'yan amshi su karɓa, waƙa ta zo a tsaye. Ya rasu a 1999, kuma akasarin abin da ke hannunmu waƙar ce bayan ta nuna, a kaset ko a ɗan bidiyon wasa. Amma Jay-Z, yaron da ya taso a gidajen talakawa na Marcy a Brooklyn, wanda sai da shi da abokansa suka kafa nasu kamfanin, Roc-A-Fella, kafin kundinsa na farko ya fito a 1996, ya samu masu bin sa da kyamara har cikin ɗakin aiki. Jikokinsa za su ga yadda yake sana'arsa. Abin da ya tsaya mini a wuya ke nan, har na ɗauki alƙalami.

Ban ce fim ɗin ba shi da aibu ba. Ashar ta yi yawa, ba abin da za ka kunna a gaban surukai ba ne. Yabon kai kuwa har ya gundure ni, ko da yake wanda ya saba jin kirarin 'yan dambe ba zai ga baƙon abu ba. R. Kelly ma yana ciki, wanda daga baya kotu a Amurka ta ɗaure saboda lalata da ƙananan yara, kuma da ya bayyana sai da na ce wa ɗana ya tura gaba.

Wani abin da marubucinku bai ambata ba: a shekarar da ya dawo ɗin, 2006, Jay-Z ya zo Nijeriya, har Sarkin Ilori ya naɗa shi Sarkin Waƙa. Da sunan Hausa aka karrama shi, amma mu masu sunan ba mu ko tsaya mun duba yadda yake aikin ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, idan za ku sake tura wakili wurin mawaƙanmu, na gargajiya ko na zamani, ya rage tambayar mota nawa gare su da wa suke rigima da shi. Ya roƙi izini ya wuni a sutudiyo ko a zauren da ake gwaji, ya kunna kyamarar wayarsa tun kafin a ɗaura kalangu, ya kawo mana yadda ake jefar da baiti a ɗauki wani. Akwai dattawan makaɗa da suke raye har yanzu, kuma kuɗin mota kawai zai ci muku.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Mai karatunku daga Zariya