Don Allah ku ba mu labarin tukunyar da ake dafa kayan Zara

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina gaishe ku da aiki. Ni mai gyaran waya ne a Kano, kuma shirinku na kimiyya baya wuce ni, ko ina tsakiyar aiki rediyon na nan kan tebur. Sai dai ina da ƙorafi ɗaya. Kullum in za ku yi maganar sararin samaniya, roket ya tashi, roket ya sauka, shikenan. Ba ku taɓa kai mu inda ake gwada kayan kafin a tura su ba, alhali ni a ganina nan ne aikin yake.

Ku ɗauki Zara, wadda muke ce wa matar wata, Turawa su ce Venus. Daga nan ƙasa gwanin kyau, amma doronta zafi ya kai digiri 460. Ni da nake aiki da bulowa kullum, wato injin da ke hura iska mai zafi, na san ma'anar wannan lamba, don in zan cire IC, wato ƴar na'urar lantarkin nan da ke cikin waya, daga jikin fanel wajen 350 nake saita ta, cikin ƴan sakanni dalma ta narke IC ya taso, in ka ɗan yi sakaci robar da ke kusa ta lanƙwashe tana wari. To can ya fi bakin bulowata zafi, kuma ba kashewa ake ba, dare da rana haka yake. Ga nauyin iska ninki 92 na namu, kamar mutum ya nutse mita 900 cikin teku, iskar kuma kusan duk kabon dayoksaid ce, gajimaren ma asid ne.

Tarayyar Sobiyet ta yi ƙoƙari wallahi. Na'urarsu Venera 7 ta sauka a Zara a 1970 ta yi minti 23 tana aiko saƙo, Venera 13 a 1982 ta yi minti 127 har da hotuna masu kala, daga nan zafi ya cinye ta. Ka duba, shekaru ana haɗa abu, a kashe maƙudan kuɗi, ya yi wata huɗu a hanya, sai ya rayu awa biyu.

Wannan ne ya sa a cibiyar Glenn ta hukumar binciken sararin samaniya ta NASA da ke Cleveland a Amurka suka ƙera wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai suna GEER. Sai su zuba kaya a ciki su garƙame, su ɗura irin iskar Zara har da gas ɗin farar wuta, su ƙara zafi da matsi har ya kai na can, su bar shi kwana da kwanaki. A nan ne suka ga jan ƙarfe baya jurewa, farar wutar nan ci take masa, zinari kuwa ya daure. Abin da ya fi burge ni shi ne 2016, da suka saka IC ɗin da aka yi da silikon kabaid, wato irin sinadarin da ake dutsen girandi da sanfefa da shi, ba fanka ba wani sanyi ba rufi, ya yi awa 521 yana aiki, sama da sati uku kenan, kuma da aka ciro shi yana nan da ransa. Na daɗe ina juya wannan a raina, ni da ake kawo min waya ta kumbura don an manta ta kan dashbod da rana tsaka a watan Afrilu.

Yaran da ke koyon aiki a wurina da na ba su labarin sai da suka ajiye sukundireba suna saurare, ɗaya har yana tambaya ta yaya ake fito da wayoyin wuta daga cikin tukunyar ba tare da iskar ta tsere ba. Irin tambayar da nake so ku kai wa masana kenan. Ku gayyato malamin fiziks ko injiniya daga jami'o'inmu ya yi mana bayani da Hausa, ko da minti goma sha biyar ne, ku kuma buɗe layi a kira. Da ranar Asabar zai fi, lokacin yaran duk suna shago.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
daga Kano