Madubi da Hoton Waya

Hauwa'u 'yata, assalamu alaikum.

Ya karatu, ya sanyin Bauchi? Mu nan Gombe kowa lafiya.

Jiya ƙanwarki ta miƙo mini waya in ga hotonki. Na daɗe ina kallo kafin na gane ke ce. Hanci ya miƙe, fata ta yi fes, tabon haɓarki na ranar da kika faɗo daga keke ya ɓace. Innarki cewa ta yi, "'Yar gidan wa ce wannan?"

Ba faɗa zan yi miki ba. Tunda kin ce nazarin alamomi kuke yi wannan zangon, bari tsohon malamin makaranta ya tsoma baki. Umberto Eco, masanin nan ɗan Italiya, ya rubuta a 1976 cewa alama ita ce duk abin da za a iya yin ƙarya da shi. Sawun raƙumi yana nan a rairayi bayan raƙumin ya wuce, kuma mai wayo zai iya zana sawun ba tare da raƙumi ya taka wurin ba. Da ya zo kan madubi a 1984 sai ya ce surar da ke ciki ba alama ba ce, domin ba ta samuwa sai mai ita yana tsaye. Kina matsawa ta tafi. Ba a ajiye ta, ba a aika wa wani. Na so in yi masa gardama da misalin direban da ke duba madubin gefe a hanyar Alkaleri, ai labarin tirelar bayansa yake karantawa. Amma a wurin Eco ido ne kawai aka ƙara wa nisa.

Hotonki kuwa alama ce cikakkiya. Yana yawo inda ba ki je ba, yana magana a madadinki, ga shi har ya fara ƙari.

Abin da ya tuna mini ke nan hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa mumini madubin ɗan'uwansa mumini ne. Madubi a gabanki yake nuna miki kwallin da ya zazzago, ba ya riƙe shi bayan kin juya, ba ya kai wa maƙwabta. Cikin ƙawayenki na ɗakin kwana duba wadda take haka, ki riƙe ta, ko da ba ta cikin masu yaba hotunanki a Facebook.

Ki aiko wani hoton da tabonsa, Innarki za ta wanke ta rataye a ɗaki. Kuɗin motarki na hutu suna hannun Kawunki.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki