Zuwa ga Gwamna Dikko Raɗɗa: takardar mai unguwa da sa hannunka

Mai girma Gwamna, Malam Dikko Umaru Raɗɗa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman aron kunnenka a kan maganar filaye da gidaje, don a doka sa hannunka ne makullinta.

In aka shiga Sabuwar Unguwa ko Ƙofar Marusa, ko sababbin unguwannin da ke miƙewa ta hanyar Batsari da ta Jibiya, aka ce magidanta su kawo shaidar gidajensu, galibi abin da za su ciro daga ƙasan akwati takardar ciniki ce: sunan mai saye da mai sayarwa, shaidu, dillali, sai hatimin mai unguwa. Da ita ake aurar da 'ya'ya a gidan, da ita ake raba gado. Mutane sun yarda da ita, kuma ba wauta suka yi ba, ita ce kusa da su kuma ita suke iya biya. Sai dai doka ba ta ɗauke ta yadda suka ɗauke ta ba.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda aka kafa a mulkin soja na Janar Obasanjo, ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana ga jama'a. Sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya ƙara ɗaure ta, har ba a taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulkin kansa. Saboda haka wanda ya ce ya sayi fili a birni, haƙƙin zama da amfani ya saya, wanda aka saba bayarwa na shekara 99. Sashe na 22 na dokar 1978 ɗin ya ce ba a sayar da wannan haƙƙi, ko a jinginar da shi, sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ɓatacce ne. Ka ga ke nan cinikin da ake ƙullawa kullum a zauruka bayan la'asar, a yi addu'a a raba la'ada, yana rataye ne har sai ya biyo ta teburinka.

Wanda ya fi jin wannan a jikinsa shi ne mai neman bashin gini. Tun 1992 ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa zuwa asusun gidaje na ƙasa, a kan cewa zai iya karɓar rance daga Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya da ruwa kashi 6 cikin ɗari. Malamin firamare a Rimi ko ma'aikaciyar jinya a Dutsin-Ma an yi ta cire musu, amma ranar da suka je nema, tambayar farko ita ce ina satifiket, wato takardar shaidar haƙƙin zama da gwamnati ke bayarwa. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz, su ma sai sun ga takarda ingantacciya kafin su karɓi gida jingina. Ban ga laifin bankunan ba. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba da amincewar gwamna ba, alhali wanda ya ci bashin ne da kansa ya kawo wannan hujja. Bayan irin wannan hukunci, wane banki ne zai ba da kuɗi a kan hatimin mai unguwa?

Sai rikicin sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu ko uku. Mai gona ya yanka gonarsa awon igiya, babu safiyo, babu hanyar kirki, babu magudanar ruwa. Mai unguwa ya sa hannu bana, baɗi ya rasu, magajinsa bai gaji wani littafi ba, sai ya sa wa wani hannu a kan wurin nan dai. Ba lallai ne a ce ha'inci aka yi ba, rashin rajista kaɗai ya isa. Ko satifiket ɗin ma ba ya wanke wanda tushen mallakarsa gurɓatacce ne, haka Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990. Shi ya sa bincike kafin a ba da takarda ya fi bugun takardar muhimmanci, kuma babu wanda ya san tarihin kowace katanga kamar masu unguwanni da dagatai. A ba kowannensu littafin rajista mai lamba, kwafinsa yana zuwa wurin hakimi da KATGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta jiha, a hana sa hannu a kan cinikin da bai shiga littafin ba. Na tabbata masarautun Katsina da Daura ba za su ƙi wannan ba, don su ake fara kai wa ƙara.

Maganar gado ta fi damuna. Kotun shari'ar Musulunci ta raba gida, kowa ya san kasonsa, amma takardar tana nan da sunan kakan da ya daɗe a kushewa. Mata su suka fi cutuwa a nan: ana ce wa mace ɗakinki yana nan, sai ranar da 'yan'uwa maza suka sayar ta ji labari a bakin maƙwabta. Me zai hana takardar rabon da alƙali ya sa wa hannu ta wadatar a canza suna, a kuɗi kaɗan, ba tare da an sa magada sun faro neman fili daga tushe ba?

Akwai kuma ranar jan fenti. Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba ka ikon ƙwace haƙƙin zama don amfanin jama'a, kuma birni ba ya girma sai da tituna. Amma jama'a ba su san cewa a sashe na 29 diyya ta gini ce da shuka da sauran abin da aka kashe wa wurin, ba ta farashin filin a kasuwa ba. Mutum ya zuba abin da ya tara a fili fayau yana jiran ya yi tsada, bai san haka ba sai an zo auna titi. Ya kamata a faɗa musu da Hausa, a rediyo, tun kafin katafila ta iso.

Na san za a ce ƙofa a buɗe take, mutane ne ba sa zuwa. Dalilansu sanannu ne. Suna tsoron da zarar sun yi rajista za a bi su da kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Ba su san adadin abin da za su biya ba, don haka ɗan tsakani ke yanka musu farashi. Wanda ke Baure ko Sabuwa kuma yana lissafin kuɗin motar zuwa Katsina sau nawa zai yi kafin fayil ya motsa.

Duk waɗannan suna cikin ikonka ba tare da jiran Abuja ba. Sashe na 45 ya ba ka damar wakilta kwamishina ya sa hannu a madadinka, don kada cinikin ɗaki biyu da zaure ya jira layi ɗaya da filin masana'anta. A liƙa jerin kuɗaɗen da Hausa da ajami a kowace sakatariya ta ƙananan hukumomi 34, a yarda talaka ya biya kashi-kashi, a sa wa'adin da fayil ba zai wuce ba, a kuma ba ofisoshi a Daura da Funtuwa ikon kammala aiki a can. Ga tsofaffin gidajen cikin ganuwa, waɗanda suka riga dokar 1978 zama, ina roƙon a keɓe lokaci na musamman a yi musu rajista unguwa-unguwa a farashi ɗaya, ma'aikata su je da kayan awonsu, mai unguwa da maƙwabta suna tsaye.

Allah ya yi maka jagora.

Wassalam,
Ɗan jiharka, mazaunin Ƙofar Ƙaura, Katsina.