Wasiƙa zuwa ga ɗana kan gidan da za a kai Inna

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da iyalinka. Ka gaishe min da maiɗakinka, ka ce mata ina sane da irin ɗawainiyar da take yi da Inna, Allah ya saka mata da alheri.

Na ji yadda muryarka take rawa a waya ranar da ka ce min Inna ta buɗe ƙofa da tsakar dare ta fita, ba a gan ta ba sai da gari ya waye. Ka yi ta kewaye-kewaye kafin ka ambaci gidan kula da masu ciwon mantuwa, kamar mai shirin amsa laifi. To, bari in sauke maka wannan nauyin tun yanzu: na amince. Ita ta haife ni, shekara huɗu na yi ina jinyarta kafin gwiwoyina su zaunar da ni, saboda haka na san inda ƙarfin mutum yake ƙarewa. Masu surutu za su yi, amma babu ɗayansu da ya taɓa kwana a bakin ƙofarta yana sauraron motsinta. Abin da ke hana ni barci shi ne hannun da za ta faɗa.

Kafin ka taka ƙafa ko'ina, ka koma wurin likitanta ya rubuta maka irin ciwon da yake ganin tana da shi. Mu dai mantuwa muke cewa, alhali cututtuka ne iri-iri. Wadda ta fi yawa ita ce Alzheimer, sunan wani likita Bajamushe da ya fara bayaninta a 1906, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Akwai wadda toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke kawowa. Akwai kuma wadda ake kira Lewy, mai sa mutum ya riƙa ganin abin da babu shi. Ka tuna yaran da Inna take cewa suna zaune a gefen gadonta? Ka faɗa wa likita wannan, domin masu wannan nau'in, wasu magungunan taɓin hankali na iya yi musu mummunar illa. Duk gidan da ya fara yi maka lissafin kuɗi bai tambaye ka wane iri ne ciwonta ba, ka riƙe wannan a ranka.

Ranar da suka ba ka lokaci, za ka tarar da komai a share, a goge. Ka je, ka gode musu, sannan ka sake komawa ba tare da sanarwa ba, tsakanin la'asar da magariba. A wannan lokacin ne masu ciwon nan da yawa suke rikicewa. Ka san yadda Inna take naɗe kayanta ta ce za ta tafi gida, ko da a ɗakinta take. Ka sami kujera ka zauna shiru. Idan wata tsohuwa ta tashi tana jijjiga ƙofa, me ma'aikaciya za ta yi? Tsawa za ta daka mata daga nesa, ko tasowa za ta yi ta kira ta da sunanta, ta riƙe hannunta su ɗan taka tare har hankalinta ya koma kan wani abu? Abin da ka gani an yi wa waccan, shi za a yi wa kakarka ranar da ba ka nan.

Ka dubi mazauna gidan da kyau. Farcensu a yanke yake? Bakinsu a wanke? Tufafin jikinsu nasu ne? Warin fitsari na ɗan lokaci ba abin mamaki ba ne a irin wannan wuri, amma wanda ya kama bango da kujeru yana nufin ana barin mutane cikin jiƙa. Ka tsaya lokacin cin abinci, ka ga ko mai ba da abinci a baki zama take yi ta jira a haɗiye, ko a tsaye take tana ɗura wa mutum uku a lokaci guda.

Akwai shirun da nake tsoro. Idan ka shiga da hantsi ka tarar kusan kowa ya langaɓe a kujera, baki buɗe, kada ka ce ai gidan akwai natsuwa. Ka tambayi mutum nawa ake ba maganin kwantar da hankali, wane likita ke rubutawa, kuma bayan wata nawa ake sake dubawa. Tun 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu magungunan taɓin hankali suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu ciwon mantuwa, a 2008 kuma ta faɗaɗa gargaɗin ya haɗa har da ire-irensu da aka daɗe ana amfani da su. Akwai ranar da dole ake buƙatarsu, ban musa ba. Amma ban yarda a bugar da uwata da magani don ma'aikata sun yi kaɗan ba. Haka kuma idan ka ga an ɗaure wani a kujera ko a gado, ka yi sallama ka fito.

Ga wata tambaya da nake so ka yi musu, ka saurari amsar da kunnen basira: idan ta canza farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, me za ku yi? Ni na taɓa yin kuskure a nan. Akwai makon da Inna ta birkice, tana duka, ba ta barci, na zauna ina kuka ina cewa ciwon ne ya ci gaba. Kwana uku na ɓata kafin na kai ta asibiti, ashe ciwon mafitsara ne. Da aka ba ta magani sai ta dawo yadda take. Shi ciwon mantuwa a hankali yake tafiya. Rikicewar gaggawa sau da yawa wani abu ne a jiki: zazzaɓi, ƙishirwa, taurin bayan gida, ciwon haƙori, ko wani zafin da ba ta da kalmar faɗinsa. Gidan da ya san aikinsa zai ce maka za su fara neman abin da ke damun jikinta.

Kada ka tsaya ga shugaban gidan kaɗai. Ka sami wadda ke yi wa tsofaffin wanka ka tambaye ta shekararta nawa a nan, kuma su nawa ne ke kwana da dare a kan mutum nawa. Inda ma'aikata ke sauyawa kowane wata, Inna za ta wayi gari kullum baƙuwar fuska na tuɓe mata riga, kuma ka san kunyarta. Ka nemi mace ce za ta riƙa yi mata wanka. Ka tambaya ko akwai mai jin harshenta, domin mai wannan ciwo yakan zubar da harsunan da ya koya da girma ya koma na yarinta. Wanda bai ji abin da take faɗa ba, yaya zai san ruwa take nema?

Ginin ba na buƙatar ya burge ka. Ya kasance dai akwai fili mai katanga inda za ta yi yawonta ba a tare ta ba, da haske a hanyar banɗaki da dare, da ƙasa marar santsi. Baƙar shimfiɗa a bakin ƙofa, wasu masu ciwon nan rami suke ganinta su ƙi tsallakawa.

Takardar yarjejeniya kuwa, ka kai ta gida ka karanta a tsanake. Ka ga lasisinsu da rahoton hukumar da ke duba su. Ka san me kuɗin ya ƙunsa, me ake biya daban, da yadda suke ƙari. Wanda ya fi waɗannan duka nauyi, ko da yake faɗinsa na yi min ciwo: wannan cuta ba ta warkewa, magungunanta sassauci kawai suke yi. Ranar na zuwa da Inna za ta kasa tafiya, haɗiya ta yi mata wuya. Za su riƙe ta har ƙarshe, ko a lokacin ne za su ce ka zo ka ɗauke ta? Suna juya marar lafiya a kan kari don kada gyambon kwanciya ya kama shi? Sauya wa mai mantuwa wuri yana gigita shi, ba na so a yi mata sau biyu. Kuma ka fifita gidan da za ka iya leƙawa bayan ka tashi daga aiki a kan wanda ya fi kyau amma sai an yi shirin tafiya. Idan suka ce ziyara sai awa ɗaya a mako, ka tambaye su dalili.

In ka tace sun rage biyu, ka kai Inna ta zauna a kowanne na ɗan lokaci, ka lura da fuskarta. Ba za ta iya yi maka bayani ba, amma za ka gani a kafaɗunta ko ta saki jiki. Ni kuma na fara rubuta wa ma'aikatan takarda a kanta: sunan da take amsawa, waƙoƙin da ke kwantar mata da hankali, lokutan ibadarta, da cewa idan ta tambayi kakanka kada a ce mata ya rasu, domin duk sa'ad da aka faɗa sabon makoki take yi. A tambaye ta labarinsa kawai, za ta ba su tana murmushi. Zan aiko da takardar tare da bargonta da hotunan da ke wurina.

Kada ka sa hannu a komai sai mun yi magana. Ka kira ni da dare bayan ziyarar la'asar ɗin, ka faɗa min abin da idonka ya gani.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka